Al-Katsinawi, Malamin Hatimi da Ya Rasu a Alƙahira

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta ko Bichi ya san hatimi, gidajen nan da malam ke zanawa a allo ya cika da lambobi. Amma kaɗan ne cikinmu suka san Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rubuta ƙa'idar lissafinsa.

Daga ƙasar Katsina ya tashi zuwa hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan jera lambobi a hatimi mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya: 15 a mai uku, 65 a mai biyar. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Abin da ya burge ni shi ne ana iya bin sawun aikinsa gida-gida. In jimla ta ƙi, ka san inda ka kauce. Haka muke yi a furojet ɗinmu na ɓoye saƙo: mun rataya ɗan aikin da manhajar ke kira duk sanda bayani ya shiga ko ya fita, mu ga inda ya lalace.

Inda muka rabu da Malam kuwa, shi ya so almajirai su yi aikin a asirce. Mu yau hanyar a fili take, makulli kaɗai ake ɓoyewa.