Robert Bunsen, Mai Murhun Ɗakin Kimiyya

Dukanmu da muke aji huɗu zuwa shida mun san murhun Bunsen, amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa mai wannan suna da ido ɗaya ya yi yawancin aikinsa.

An haifi Robert Bunsen a garin Gottingen na ƙasar Jamus a shekarar 1811. Tun yana saurayi ya maida hankali ga arsenik, guba mai kisa. A 1834 shi da wani likita, Arnold Berthold, suka gano cewa wani sinadarin ƙarfe mai kama da tsatsa yana karya wannan guba a cikin mutum. Daga nan ya shiga binciken kakodil, wani ruwa mai arsenik a ciki. Wannan abu ba shi da kyan hali ko kaɗan. Warinsa ya fi na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, tururinsa guba ne, kuma da iska ta taɓa shi sai ya kama wuta da kansa, ba ashana. Wajen shekara shida Bunsen ya yi yana fama da shi. Wata rana wani haɗi na kakodil ya fashe, ya rasa ganin idonsa na dama. Gubar kuma ta kwantar da shi har ya kusa mutuwa. A ganinmu, ko da ya ajiye aikin a nan, ba mai zarginsa.

Bai ajiye ba. A 1852 ya koma Jami'ar Heidelberg. Can ne shi da maƙerin jami'ar, Peter Desaga, suka gyara murhun da muke kunnawa, a 1855. Ramin da ke gindin bututun yana jawo iska ta gauraya da gas kafin ya ƙone, shi ya sa wutar take da zafi, ba hayaƙi, kusan ba launi. Bai yi rajistar murhun don neman kuɗi ba.

Wutar da ba ta da launi ita ce ta ba shi damar ganin launin da kowane sinadari yake bayarwa, kamar yadda gishiri ke ba mu rawaya. Tare da abokinsa Gustav Kirchhoff ya gano sesiyom a 1860 da rubidiyom a 1861, ƙarafa biyu masu fashewa idan sun taɓa ruwa.

Bai taɓa yin aure ba. Ya bar koyarwa a 1889, ya rasu a Heidelberg ran 16 ga Agusta, 1899.