Janar Seyni Kunce (1931–1987): Ɗan Fandu da amanar rumbun ƙasa

Ƴan uwa matasa, da yawa daga cikinmu ba mu zo duniya ba lokacin da Janar Seyni Kunce ya rasu. Amma da wuya a zauna hira da dattawa nan Bonkuku, ko Filinge, ko Balayara, a taɓo zancen mulki ba a ambaci sunansa ba. Wani ya ambace shi da kewa, wani kuwa ya yi shiru ya kaɗa kai. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa cikin wanga ɗan littafi, tun da maƙwabcinmu ne, kuma rayuwarsa tana da abin koyi da abin gudu.

Asali da tasowa

An haifi Seyni Kunce a shekarar 1931 a Fandu, cikin ƙasar Tondikandiya, wadda ke iyaka da ƙasarmu ta Imanan. Ɗan gidan sarautar Zabarmawan wurin ne. Zamanin nan na mulkin Faransa, ɗiyan sarakai su ne aka fi kamawa a sa lakwal, shi ma bai tsira ba. Tun yana yaro aka kai shi makarantar horon ƴaƴan soja ta Kati, cikin ƙasar Mali ta yanzu, daga can aka wuce da shi Saint-Louis ta Senegal.

A 1949 ya shiga sojan Faransa. An kai shi yaƙi Indosin, wato yankin Biyetnam, an kuma kai shi Aljeriya. Ya samu galar saje a 1957, sannan ya yi makarantar hafsoshi ta Fréjus a Faransa. Da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, sai ya dawo cikin rundunar ƙasarsa a 1961. Sannu a hankali ya yi ta hawa, har ya zama shugaban hafsoshin sojan Nijar a 1973.

Yunwa da juyin mulki

Tau, a daidai lokacin nan ƙasa na cikin wani hali. Tun daga 1968 damina ke ƙwacewa, fari ya yi tsanani a 1973. Bisashe suka faɗi garke garke, rumbuna suka ƙare, mutane suka bar garuruwa suka nufi Yamai da ƙasashen kudu. Taimakon cimaka yana shigowa daga waje, amma ko'ina kukan da ake yi shi ne ba ya isa hannun mabukata, ana ganinsa kasuwa.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Kunce yana laftanar-kanar ya zama shugaban majalisar ƙoli ta soja. Daren nan an zubar da jini, cikin waɗanda suka rasa ransu har da Hajiya A'isa, matar shugaba Diori. Aka rushe majalisar dokoki, aka hana jam'iyyu, aka kuma sallami sojojin Faransa da ke zaune cikin ƙasa.

Aikin farko da ya sa gaba shi ne rabon hatsi. Aka sa motocin soja cikin jigila, hafsoshi suka tsaya kan rabo da kansu. Ma'aikatar OPVN, wadda ita ce rumbun tsimin ƙasa, ta zama abin da idonsa ba ya ɗaukewa daga kai. Nan ne talakawa suka fara ba shi gaskiya, don wanda ya kawo maka tiya guda ta gero ranar da tukunya ta yi sanyi, ba ka mance shi.

Yadda ya riƙi ma'aikata

Abin da aka fi tuna shi da shi, shi ne tsanani a kan dukiyar jama'a. Yakan faɗo biro ko gidan likita da sassafe ba sanarwa, ya ga wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, ya duba takardu, ya yi tambaya. Yakan tara manyan ma'aikata ya titsiye su gaban kowa. Wanda aka kama da cin kuɗin gwamnati, komai girmansa, kaso ne makomarsa. Ma'aikaci ya san kuɗin da ke hannunsa ba na gidansu ba ne.

Allah kuma ya haɗa zamaninsa da tashin kuɗin yuraniyom na Arlit da Akuta. Da kuɗin nan aka yi hanyoyi, da makarantu, da gidajen likita, da gonakin shinkafa na bakin kogin Isa. Amma daga farkon shekarun 1980 kuɗin ya faɗi, bashi ya hau ƙasa. Sai ga farin 1984, ga shi Najeriya ta rufe iyaka, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Kunce bai ɓoye halin da ake ciki ba. Ya nemi taimako ƙasashen duniya, har ya je Amurka ya gana da shugaba Reagan a Disamba 1984. A gida kuwa ya matsa a kan noman rani, kowane gari mai ruwa kusa a haƙa rijiya a yi garka. Mu mutanen dallol, da lambunanmu na dankalin Turawa, ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin wannan ba. A shekarar ce kuma aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

Matasa da addini

Da ya hana jam'iyyu, sai ya farfaɗo da tsohon tsarin samariya. Kowace unguwa da sarkin samarinta, ana gayya, ana gina azuzuwa, ana dashen itace, ana sharar gari. Gasar kokowa ta ƙasa ma a zamaninsa aka fara ta, a Tawa, a 1975.

Ta fannin addini, a 1974 aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda Alfa Umaru Isma'ila ya daɗe yana jagoranta. Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauki nauyinta, ita ma a zamaninsa ta buɗe ƙofa, a 1986. Sai dai a faɗi gaskiya, samariya da ƙungiyar malamai duka suna ƙarƙashin idon gwamnati ne. Ƙungiya irin tamu, wadda matasa suka kafa da kansu, ba ta da wuri a lokacin.

Inda gizo ke saƙa

Tarihi ba kirari ba ne. Mulkin Kunce mulki ne na tsoro. Ƴan leƙen asiri sun cika gari, mutum yakan waiga kafin ya yi magana. Diori ya yi shekara 6 a tsare, bayan nan aka yi masa ɗaurin talala. Sani Suna Siddo, mataimakinsa a juyin mulki, an kama shi a 1975, a tsare ya rasu. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an harbe wasu daga cikin waɗanda aka tuhuma. Akwai gidajen da har yau ba su daina jin zafin wannan zamani ba, kuma hakkinsu ne a ambace su.

Abin mamaki, a Oktoba 1983, yana Faransa wurin taro, wanda ya nemi kifar da shi na jikinsa ne, Amadu Umaru Bonkano, mutumin da ya ba amanar tsaronsa. Shugaban da kowa ke tsoro, ba mai iya gaya masa gaskiya, har a kan wanda ke zaune kusa da shi.

Ƙarshen rayuwa

A shekarunsa na ƙarshe ya fara sassautawa. Ya naɗa firaminista farar hula a 1983, aka kuma yi zaɓen raba gardama a kan kundin manufofin ƙasa a Yuni 1987. Amma ciwon ƙwaƙwalwa ya riga ya kama shi. Ya rasu a wani asibiti na birnin Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, yana da shekara 56, bayan mulkin shekara 13. Aka kawo shi gida aka rufe shi a Fandu. Ali Shaibu ya gaje shi. Babban filin wasa na Yamai sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya rage gare mu

Bayan rasuwarsa, tsaron nan na dukiyar jama'a bai daɗe ba ya yi sanyi, don da yawa tsoron mutum guda ne ya hana su taɓawa, ba tsoron Allah ba. Wanga shi ne darasin da ya fi shafarmu. Yau wani cikinmu ke riƙe da asusun ƙungiya, wani ke rabon hatsin azumi, wani ke da makullin bankin cimaka na unguwa. Babu Kunce da zai faɗo mana da sassafe. In mun rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, muka karanta shi gaban taro, muka kuma bar ƙaraminmu ya yi tambaya ba tare da an harare shi ba, to mun ɗauki alherin da ya bari, mun kauce wa kuskurensa.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu a zamaninsa, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.