Khalid ɗan Walid: Rayuwarsa Bayan Barin Fagen Fama

Shi ne Khalid ɗan Walid ɗan Mugira, Baƙuraishe daga gidan Banu Makhzum, Allah Ya yarda da shi. Ya musulunta a shekara ta 8 bayan hijira. A yaƙin Mu'uta ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa laƙabi da Takobin Allah. Daga baya ya jagoranci rundunar Musulmi a Yamama da Iraƙi da Yarmuk.

A shekara ta 17 Halifa Umar ya sauke shi daga shugabancin runduna. Ya bayyana wa jama'a cewa ba don ha'inci ba ne, sai don kada mutane su jingina nasara ga Khalid, su manta Allah ne Mai bayar da ita. Dakaru suna ƙaunarsa, amma bai tayar da fitina ba. Ya ji, ya bi.

Ya zauna a Himsa, a ƙasar Sham, kimanin shekara huɗu ba shi da muƙami. Abin da ya fi damunsa shi ne ajali zai riske shi a kan shimfiɗa ba a fagen shahada ba, ga jikinsa duk tabon sara da suka. Ya rasu a shekara ta 21, bai bar wata dukiya ba sai dokinsa da makamansa da bawa guda. Allah ne Mafi sani.