Paul Erdos: Masanin lissafin da sunansa ya zama ma'auni

An haifi Paul Erdos a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 26 ga Maris, 1913. Iyayensa Yahudawa ne, dukansu malaman lissafi. Gab da haihuwarsa zazzaɓi ya kashe yayyensa mata biyu, sannan aka kama mahaifinsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya shafe shekara shida a tsare a Saiberiya. Haka yaron ya tashi a hannun mahaifiyarsa, lambobi ne abokan wasansa.

Ya sami digirin digirgir a 1934 yana da shekara 21, ya wuce Manchesta a Ingila, daga nan ya tafi Amurka a 1938, lokacin da ƙiyayya ga Yahudawa ta tsananta a Turai. 'Yan Nazi sun hallaka da dama daga cikin danginsa. Bai yi aure ba, bai kafa gida ba, bai kuma daɗe a kujerar wata jami'a ba. Da akwatinsa yake yawo ƙasa-ƙasa, ya sauka gidan wani masani su yi kwanaki suna warware matsala, sannan ya ƙara gaba.

Fagen da ya fi shahara a kai shi ne lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai da alaƙar da ke tsakaninsu. A 1947 ya nuna cewa ana iya tabbatar da samuwar abu ba tare da an gina shi ba: idan aka yi zaɓe na kan-mai-uwa-da-wabi, aka ga yiwuwar dacewa da abin ta wuce sifiri, to lalle akwai shi. Daga 1959 kuma shi da Alfred Renyi suka aza harsashin nazarin mahaɗar da ake ƙullawa bisa sa'a, wanda masu binciken intanet da yaɗuwar annoba ke amfana da shi har yau.

Ya wallafa maƙaloli kusan 1,500 tare da abokan aiki fiye da 500. Wannan ne ya haifar da Lambar Erdos. Shi kansa lambarsa 0. Wanda ya rubuta maƙala tare da shi yana da 1, wanda ya rubuta da mai 1 yana da 2, haka har ƙasa. Albert Einstein lambarsa 2.

Sai dai lambar kusanci take aunawa, ba zurfin ilimi ba. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, shi ma yana da gurbinsa: mai lamba 20 shi ne wanda aka ambaci maƙalolinsa 20 aƙalla sau 20 kowacce, don haka mai maƙala ɗaya tak, ko da ta girgiza duniya, ba zai wuce 1 ba. Duk da haka, irin waɗannan alƙaluma na taka rawa wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike a jami'o'i.

Erdos yana da nasa ma'aunin. Yakan sa ladan kuɗi a kan matsala gwargwadon wuyarta. Endre Szemeredi ya karɓi dala 1,000 bayan ya warware ɗaya a 1975. Da ya sami dala 50,000 na Kyautar Wolf, dala 720 kacal ya riƙe, ya bayar da sauran.

Ya rasu ranar 20 ga Satumba, 1996 a birnin Warsaw, inda ya je taron masana, yana da shekara 83. Har yanzu ana fafutukar warware matsalolin da ya bari.