Tarihin Eiji Tsuburaya, wanda ya ƙirƙiro Ultraman

An haifi Eiji Tsuburaya ne a watan Yulin shekarar 1901 a garin Sukagawa da ke lardin Fukushima a ƙasar Japan.

Burinsa tun yana yaro shi ne ya zama matuƙin jirgin sama, to amma makarantar da ya shiga ta durƙushe bayan malaminsu ya mutu a haɗarin jirgi. A shekarar 1919 ya kama aikin ɗaukar hoto a harkar fina-finai.

Fim ɗin King Kong da aka yi a Amurka a 1933 shi ne ya ja hankalinsa ga fasahar siddabarun hoto, inda ake gina ƙananan gidaje da jirage a ɗauke su har su yi kama da na gaske.

Lokacin yaƙi

A 1942, yana aiki da kamfanin Toho, ya kwaikwayi harin da Japan ta kai Pearl Harbor a wani fim na farfagandar yaƙi. Wannan aiki ya jawo masa matsala, domin a 1948 hukumomin mamaya na Amurka sun sa an raba shi da aikinsa.

Bayan ya koma Toho, shi da darakta Ishiro Honda suka fitar da Godzilla a 1954, labarin wani dodo da gwajin makamin nukiliya ya tayar. Maimakon 'yar tsana, sai ya sa mutum cikin rigar roba yana rugurguza birnin Tokyo da aka gina da hannu.

Shirin Ultraman

A 1963 ya kafa kamfaninsa na kansa, kuma a watan Yulin 1966 aka fara nuna Ultraman a talabijin, wani ƙaton jarumi daga sararin samaniya mai kare bil'adama daga dodanni.

Jarumin ba ya iya wuce minti uku yana faɗa, kuma idan ƙarfinsa ya fara ƙarewa sai fitilar ƙirjinsa ta riƙa walƙiya. Wannan rauni na daga cikin abin da ke riƙe zukatan yara har ƙarshen kowane kashi.

Tsuburaya ya kasance yana ƙin nuna jini a shirye-shiryensa, saboda ya san yara ne masu kallo.

Salon da ya shimfiɗa shi ne wasu suka bi suka samar da Kamen Rider a 1971, da jerin Super Sentai, wanda daga cikinsa Amurkawa suka ɗebi hotunan faɗan da suka haɗa Power Rangers a 1993.

Ya rasu ranar 25 ga watan Janairun 1970 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 68. Har yanzu kamfanin da ya kafa na ci gaba da fitar da sabbin shirye-shiryen Ultraman, kuma mutum ne ke shiga rigar.