John Enders: Mutumin da ya Karya Lagon Baƙon Dauro

Uwayen da ke goya 'ya'yansu daga Gwallaga da sauran unguwannin Bauchi zuwa asibiti don allurar ƙyanda a wata tara, kaɗan ne cikinsu suka taɓa jin sunan John Enders. Amma kuwa ruwan allurar nan daga aikinsa ya samo asali.

An haife shi ran 10 ga Fabrairu, 1897, a Jihar Connecticut ta Amurka. Mahaifinsa shugaban banki ne. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, ya tuƙa jirgin sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya taɓa dillancin gidaje bai ji daɗinsa ba, sa'an nan ya shiga Jami'ar Harvard don nazarin adabin Ingilishi. A can ya haɗu da Shehun Malami Hans Zinsser, wanda ya karkato da hankalinsa ga ilmin ƙwayoyin cuta. Ya sami digirinsa na dakta cikin 1930.

Cikin 1949, shi da Thomas Weller da Frederick Robbins suka gano hanyar renon ƙwayar shan-inna cikin kwalba, aikin da ya jawo musu lambar Nobel cikin 1954.

A wannan shekara ce ƙyanda ta ɓarke a wata makaranta kusa da Boston. Enders ya tura mataimakinsa Thomas Peebles ya ɗebo jinin yaran, suka yi nasarar renon ƙwayar cutar. To, ta yaya za a tabbata ita ce? Sai suka gauraya ta da ruwan jinin waɗanda suka warke, suka ga ta kasa yin ɓarna. Watau jikin wanda ya yi ƙyanda yakan ƙera dakarun da ke zama cikin jininsa, su tare cutar in ta komo. Dakarun nan su ne likita yake nema har yau idan ya auna jini don ya san ko mutum yana da garkuwa.

Da wannan awo aka riƙa jarraba allurar da Enders ya haɗa daga ƙwayar da aka raunana. Nijeriya ma tana da hannu a ciki, domin cikin 1960 likitoci Samuel Katz da David Morley sun gwada ta a Ilesha, inda ƙyanda take kashe yara ainun. Cikin 1963 Gwamnatin Amurka ta yarda a soma amfani da ita.

Enders bai nemi arziki da wannan ƙwaya ba. Duk masanin da ya roƙa sai ya ba shi kyauta, har wasu suka inganta allurar. Ya rasu ran 8 ga Satumba, 1985, yana da shekara 88.

Allura tana nan, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Saura iyaye su kai yaro sau biyu, a wata tara da kuma wata goma sha biyar.