DOKTA I. M. IBRAHIM: Malamin Kimiyya Da Ya Kwashi 'Yan Ƙwallonmu Zuwa Amurka

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ko Inugu a tsakiyar shekarun 1970, yana kuma zuwa filin ƙwallo, ba zai manta da wani abu da ya riƙa faruwa a lokacin ba. Sai a ga yaro yana tashe, ana ta yi masa tafi, bayan 'yan watanni kuma a neme shi a fili a rasa. In an tambaya sai a ce ai ya tafi Amurka karatu. Da yawa daga cikin waɗannan samari wuri guda suka nufa, watau Jami'ar Clemson da ke Jihar Karolina ta Kudu, kuma mutum guda ne ya kira su. Sunansa Dokta Ibrahim M. Ibrahim.

Wanda ya ji sunan sai ya zaci mutumin Kano ne ko na Katsina. To ba haka ba ne. An haife shi a shekarar 1941 a Haifa, birnin da ke bakin teku a ƙasar Falasɗinu, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Yana yaro ƙarami aka yi yaƙin 1948 wanda ya juya wannan birni da ƙasar baki ɗaya. Da ya zama saurayi sai ya haye Amurka neman ilmi. Ya yi digirinsa na farko a wata 'yar ƙaramar kwaleji mai suna Shorter a Jihar Jojiya, daga nan ya wuce Clemson, inda ya yi na biyu, sa'an nan a 1970 ya sami digirin dokta a fannin kemistiri, watau kimiyyar haɗa sinadarai. Saboda haka doktan nasa na karatu ne, ba na asibiti ba, ba kuma na girmamawa ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ya sauka. Clemson ƙaramin gari ne, jami'ar ce garin. Mutanen wurin ba abin da suka sani sai ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa, wadda ake runguma a gudu da ita, har su ita suke kira ƙwallon ƙafa. Tamu ta ainihi an ɗan taɓa ta a jami'ar daga 1934 zuwa 1939, aka watsar. Kuma yankin ne na kudancin Amurka inda wariyar launin fata ta yi kanta. Sai a Janairun 1963 jami'ar ta karɓi baƙar fata na farko, wani mai suna Harvey Gantt, shi ma sai da kotu ta tilasta.

A 1967, yana ɗalibi mai shekara 26, Ibrahim ya shawo kan hukumar jami'ar ta yarda a kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, shi kuma ya zama mai koyar da ita. Wasansu na farko sun ci Jami'ar Furman huɗu da nema. Amma shekarun farko ba wani abin a zo a gani. Yaran da ke hannunsa ɗalibai ne da aka tsinto nan da can, yau a ci gobe a sha kashi.

Tsarin ƙwallon jami'a a can ya sha bamban da na kulob. Ba a sayen ɗan wasa, a zamanin kuma ba a biyansa albashi. Abin da ake ba shi sikolashif ne: kuɗin makaranta da wurin kwana da abinci. Dole ya riƙa shiga aji yana cin jarrabawa, in ya faɗi a hana shi wasa. Kuma komai gwanintarsa kaka huɗu kaɗai zai buga, sai ya ba wani wuri. Kakar ma gajera ce, ana farawa wajen Satumba a gama a Disamba. Watau mai koyarwa kullum cikin gini yake, kafin ya gama ɗaura rufi an zare masa ginshiƙi. Jami'o'in an kasa su rukuni-rukuni, Clemson tana rukunin gaɓar Tekun Atilantika da ake kira ACC. A ƙarshen kaka kuma hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, takan tara fitattu a yi gasar sili-ɗaya-ƙwale don fid da zakaran Amurka. An fara wannan gasa a 1959, kuma Jami'ar St. Louis ta mayar da kofin kamar gadon gidansu, don sau goma ta ɗauka tsakanin 1959 da 1973.

Ibrahim ya duba ya ga a jiharsa ba yaran da suka tashi da tamaula a ƙafa, waɗanda suka iya kuwa a wasu jihohin ba za su bar manyan makarantu su zo ƙauye ba. Sai ya kai idonsa ƙetare. Ya fara da Gayana, wata ƙasa a Kudancin Amurka mai jin Turanci, inda ya samo Clyde Browne. Wannan yaro sau huɗu a jere, daga 1972 zuwa 1975, ana zaɓensa gwarzon rukunin ACC. A 1972 Clemson ta zama zakaran rukunin karo na farko, a 1973 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa.

Daga nan sai Nijeriya. Dalilin a fili yake. Muna jin Turanci, 'yan wasanmu da yawa daga sakandare suka fito ta hanyar gasar makarantu, suna da takardun da jami'a za ta karɓa, ƙwallo kuwa a gida lokacin ba ta ciyar da mutum sai in yana da aiki a ma'aikatar da ta mallaki kulob ɗin. Wa zai ƙi digiri kyauta? A tsakiyar shekarun 1970 sai ga Godwin Ogbueze da Christian Nwokocha, waɗanda masu bin Rangers ta Inugu suka sani sarai, ga Benedict Popoola, ga Damian Ogunsuyi, ga Emmanuel Egede, ga Taiwo Ogunjobi. Har ya zama in aka karanta sunayen 'yan wasan Clemson a lasifika sai ka ce a Surulere ake wasan.

Abin da ya biyo baya sai dai a ce tubarkalla. Shekara takwas cur, daga 1972 zuwa 1979, ba wanda ya karɓe kambun ACC daga hannun Clemson. Kambun gwarzon ɗan wasa ma 'yan Nijeriya suka riƙa miƙa wa juna: Ogbueze a 1976, Popoola a 1977, Ogunsuyi a 1978, sai Nnamdi Nwokocha a 1979. Shi wannan Nnamdi a shekararsa ta farko ya taɓa zura ƙwallo bakwai a wasa ɗaya, kuma kafin ya gama a 1982 ya tara 74. Ba wanda ya wuce wannan adadi a jami'ar sai a 1995, da wani ɗan Jamaika, Wolde Harris, ya kai 76.

Sai dai babban kofin ya ƙi zuwa. A 1976 an kai kusa da ƙarshe, Jami'ar San Francisco ta tare hanya. Abin dariya, ita ma tauraronta ɗan Nijeriya ne, Andy Atuegbu, daga gidan nan na 'yan ƙwallo da mutanen Jos suka sani. A 1978 San Francisco ta sake tare su, suka dawo da matsayi na uku. A Disambar 1979 suka kai wasan ƙarshe kansa a birnin Tampa, Jami'ar Kudancin Illinois ta Edwardsville ta ci su uku da biyu.

Wannan wasa ya fi ƙarfin ci uku da biyu. Mai koyar da waɗancan, Bob Guelker, shi ne ya ci wa St. Louis kofi biyar a baya, kuma an san shi da dogaro da yaran gida haifaffun Amurka. Saboda haka aka ɗauki wasan tamkar shari'a tsakanin hanya biyu. Dama an daɗe ana gunaguni cewa masu ɗauko baƙi suna toshe wa 'yan ƙasa hanya, suna kawo ƙwararrun da suka riga suka buga wa manyan kulob su haɗa su da yara. Jami'ar Howard ta baƙar fata da ke Washington, wadda ita ma da 'yan Afirka da na tsibiran Karibiyan ta yi ƙarfi, ta ci kofin a 1971 aka ƙwace a kan cancantar wasu 'yan wasanta, sai da ta sake ci a 1974. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma masu yinsa ba su cika faɗin cewa baƙin nan ne suka ɗaga darajar wasan har yaran gidan suka sami abin koyi ba.

A nan gida ma akwai abin cewa. Kulob ya raini yaro, sai lokacin da zai ci moriyarsa a ɗauke shi, ba ko kwabo. Ɗan wasan da ya kamata ya yi shekarun ƙarfinsa a Green Eagles ya ƙare su yana buga kakar wata huɗu a gaban ɗalibai. Wannan hasara ce ga ƙasa, ba shakka. Amma in aka dubi yadda tsofaffin 'yan ƙwallo da dama suka ƙare a nan, ba sana'a ba fansho, da wuya a ga laifin wanda ya zaɓi takarda. Mutanen da suka bar Arewa suka zo Kurmi neman abinci sun fi kowa sanin wannan lissafi. Wasu kuma sun dawo da abin da suka samo. Taiwo Ogunjobi ya koma IICC Shooting Stars ta Badun, ya zama kyaftin ɗinta har wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta yi galaba. Daga baya ya riƙe sakataren Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya daga 2002 zuwa 2005. Ya rasu a 2019.

Wasu biyu kuwa hanya ta karkata da su inda ba a zata ba. A ƙwallon zari-ruga ta Amurkawa akwai mutum ɗaya da aikinsa kawai ya shigo ya doka ƙwallo ta bi tsakanin sanduna. Masu wannan wasa suka lura da ƙafar Obed Ariri suka ja shi, bayansa kuma Donald Igwebuike. Shi Igwebuike har sau uku ya ci musu a wasan da suka doke Nebraska 22 da 15 a farkon Janairun 1982, wanda ya ba Clemson zakarancin ƙasa a wannan wasa karo na farko. Ariri ya sami aiki a kulob ɗin Tampa Bay a 1984, shekara na zagayowa Igwebuike ya zo ya karɓe gurbin.

Bayan 1979 Ibrahim ya sake lale. Ya rage yawan baƙi, ya shiga neman yaran Amurka, har daga St. Louis ɗin kanta. Zamani ma ya taimake shi, don zuwan Pele kulob ɗin Cosmos na New York a 1975 ya sa yara da yawa sun kama tamaula. Amma bai saki Nijeriya ba. Ginshiƙin bayansa daga 1981 zuwa 1984 Adubarie Otorubio ne, wanda aka zaɓa gwarzon ACC a 1983, kuma sau uku yana shiga jerin fitattun 'yan wasan jami'o'in Amurka.

Da wannan gauraye aka shiga gasar 1984. Clemson ta bi huɗun da aka ɗora a sama ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta lallasa UCLA huɗu da ɗaya a kusa da ƙarshe, sa'an nan ran 16 ga Disamba a birnin Seattle ta gamu da Indiana, wadda ta ci kofin a 1982 da 1983 tana neman na uku a jere. Ana kunnen doki ɗaya da ɗaya, saura ƙasa da minti biyu a tashi, John Lee ya sa kai ya jefa ta raga. Kaka ta goma sha takwas ke nan da fara aikin Ibrahim. A Fabrairun 1985 gwamnan jihar, Richard Riley, ya ba shi lambar girma mafi daraja da jihar ke bai wa farar hula.

Na 1987 ya fi ban mamaki. A shekarar ƙungiyar wasa ɗaya tak ta ci a cikin rukuninta, da ƙyar ma aka sa ta cikin 24 da za su yi gasar ƙasa. Sai ta bi Evansville da Indiana da Rutgers har gidajensu ta cinye su, ta dawo filinta na Riggs ta ba Karolina ta Arewa huɗu da ɗaya, ran 6 ga Disamba kuma ta ci San Diego State biyu da nema a gaban 'yan kallo sama da 8,000. A garin da shekara ashirin baya ba mai kallon tamaula, wannan taro ne. Jagoran yaran, Bruce Murray, ya karɓi kyautar Hermann ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na ƙasa. Shi da Eric Eichmann, wani yaron Ibrahim, suna cikin waɗanda suka wakilci Amurka a gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, bayan ƙasar ta yi shekara 40 ba ta halarta ba. Murray ne ya ci musu ƙwallo a wasansu da Ostiriya.

Ibrahim ya ajiye aiki bayan kakar 1994. A kaka 28 ya ci wasa 388, an ci shi 102, an yi canjaras 31. Ya ɗauki kambun ACC sau 11, ya kai huɗun ƙarshe na ƙasa sau shida, kofi biyu. Mutum ne mai kan kasuwanci kuma. Tun 1974 ya buɗe kantin kayan wasa a garin mai suna Tiger Sports Shop, bayan ya bar fili ya ci gaba da kula da shi, yana kuma sha'awar motocin tsere.

Ran 12 ga Yuli 2008 yana wasan golf a garin Seneca, kusa da Clemson, zuciyarsa ta buga ya faɗi. Yana da shekara 67. An sa wa dandalin 'yan kallo na filin Riggs sunansa. Clemson ba ta sake ɗaukar kofin ƙasa ba sai a 2021, ta ƙara a 2023, kuma a wannan karo na biyu tauraronta, wanda shi ma ya karɓi kyautar Hermann, Ousmane Sylla ne daga Senegal.